Yadda Na Ƙara wa Kwamfutata Ƙwaƙwalwa

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Batsari da Safana suna ciki. Masu POS suka naɗe lema. Ni kuwa, mai ɗan shagon buga takardu a Batsari, kasuwata ce ta buɗe. Dattijon da zai kira ɗansa a Kano ya ce a turo kuɗin magani, yanzu sai ya zo a buga masa wasiƙa a ba direba. Katin ɗaurin aure da ya ƙaura WhatsApp ya dawo takarda.

Matsalar ita ce kwamfutar. Ta tebur ce, 'yar Baljiyam, mai ram gig 2. In ka danna CorelDraw, za ka iya zuwa ka yi alwala, ka sallaci Azahar, ka tsaya ka taya rogo, ka dawo ka tarar tana shawara. Wani ango ya zauna a kan bencina har gyangyaɗi ya kwashe shi. Da ya farka ya ce, "Malam, in katin ba zai samu ba, ka ara mini lasifika in zaga gari."

Ina da ɗan ƙanwar babata a Safana, ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wanda gida ke kira Injiniya tun ranar da ya gyara rimot ɗin talabijin ta hanyar juya batir. Na rubuta masa takarda na ba direban da ke bin hanyar Runka. Amsa ta dawo a bayan takardar tawa: "Yaya, ram ce kawai. Ƙara mata." A cikin ambulan ɗin har da ram, naɗe a ledar burodi.

Na kwance murfin kwamfutar, na busa ƙurar shekaru, na nemo ramin da babu kowa a kan madabod, na saita, na danna. Ta ƙi. Na juya ta, na danna. Ta ƙi. Tsawonsu ɗaya da tsohuwar, amma akwai wata 'yar wushirya a tsakanin haƙoran zinaren da ke ƙasan kowace ram, kuma a cikin ramin akwai ɗan tudun roba da zai shige wushiryar. Ta Injiniya wushiryarta ta goce gefe kaɗan.

Kawuna kafinta, wanda shagonsa ke jikin nawa, ya leƙo ya ga ina gumi. Ya karɓa, ya ɗaga ta sama ya kanne ido ɗaya.

"Ɗana, wannan ai ba aiki ba ne. Ƙofa ma in ta ƙi shiga gurbinta feƙe ta muke yi. Bari in ɗauko zarto."

Da ƙyar na ƙwace ta. Abin da na sani yanzu, wanda da akwai intanet da minti biyu ya ishe ni sani, shi ne da gangan aka goce da wushiryar. Tawa DDR3 ce, irin da ta fito a 2007, mai haƙora 240, tana cin wuta bolt 1.5. Ta Injiniya DDR4 ce ta 2014, haƙora 288, bolt 1.2. Masu ƙera su sun san akwai irinsu Kawu a duniya, shi ya sa suka sa kowane zamani da inda wushiryarsa take, don kada mai ƙarfin hannu ya ƙona bod da ram a lokaci guda.

Na mayar da ita da bayani cewa DDR3 nake so. Injiniya ya aiko da DDR3 kuwa, babu ƙarya, sai dai ta laftof, guntuwa, tsawonta kusan rabin ramin ne kawai. Haƙoranta 204. Kawu ya ce a sayo biyu a jera.

Daga nan na fitar da dangi daga lamarin, na ba wani direban Katsina kuɗi da takarda: DDR3, ta tebur, gig 4. Ya dawo da yamma yana murmushi, wai ya samo mini gig 8 a kuɗin gig 4. Ram ce ta gani ta faɗa, sanye da rigar ƙarfe mai sheƙi, ga nauyi a hannu. Ta shige ramin, maƙallan biyu suka ce ƙas. Na yi bisimilla na kunna.

Fanka ta juya. Allo baƙi ƙirin. Sai kwamfutar ta fara kuka, ƙiii, ƙiii, ba ƙaƙƙautawa.

Ranar Alhamis ce, kasuwar Batsari na ci, shagon cike. Kowa ya zama likita. Mai shayi ya ce wuta ce ta yi mata yawa. Wata tsohuwa da ta zo a buga mata wasiƙa ta ja baya tana a'uziyya, ta ce tun shigowarta ta ji wurin da nauyi. Angon nan ya ce shi dai a ba shi kuɗinsa. Wani yaro ya ce a goge haƙoran da kilina, kuma wannan shawarar gaskiya ce, datti kan hana ram aiki, don haka na goge har zinaren ya kusa komawa azurfa. Na cire ɗan batirin bod mai kama da kwabo na mayar. Kukan bai fasa ba. Na mayar da tsohuwar ita kaɗai, kwamfuta ta tashi lafiya lau, da nawarta da komai, ko kunya babu.

Wani direba ya ba ni labarin wani tsohon malamin makaranta a Safana da ya taɓa aikin gyaran kwamfuta a Kano. Na rungumi akwatin kwamfutar na shiga mota da sassafe, don a lokacin ba mai son la'asar ta same shi a hanyar da ke gefen dajin Rugu. A kowane shingen jami'an tsaro sai na yi bayanin abin da ke cinyata.

Malam bai ko kunna ta ba. Ya sa tabarau ya karanta 'yar takardar da ke manne a jikin mai rigar ƙarfen.

"Karanta mini harafin ƙarshe."

"PC3-10600R, Malam."

"To, R ɗin nan ita ta ci kuɗinka. Wannan ta saba ce, manyan injinan da bankuna da kamfanonin waya ke ajiye bayanai a ciki. Tana da wani ɗan dillali a tsakiya da ke karɓar saƙo kafin ya isa ga ƙwayoyin, bod ɗinka kuwa bai iya magana ta bakin dillali ba. In Turawa suka kwashe tsofaffin sabobinsu, irinta kan cika kwantena zuwa Legas, daga Ikeja ta bazu. Shi ya sa take araha. Kai mai U za ka nema."

Ya buɗe wani gwangwanin madara ya zaro DDR3 mai U, gig 4, ta tebur, wushirya daidai. Na ce alhamdu lillahi. Muka tayar da janareta. Allo baƙi.

Na dubi Malam, Malam ya dubi bod ɗin, ya goge ƙura da ɗan yatsa har ya ga rubutun G41. Sai ya yi dariya har da tari.

"Ashe tsohuwa ce ta zamanin Core 2 Duo. Ƙirga mini baƙaƙen ƙwayoyin da ke jikin ram ɗin."

Takwas ne, duk a fuska ɗaya, bayanta fayau. Ya ce nan gizo ke saƙar. Gig 4 a kan ƙwaya takwas yana nufin kowace ƙwaya na ɗauke da meg 512, shi kuwa wannan bod an ƙera shi ne lokacin da babbar ƙwaya ba ta wuce meg 256 ba, abin da ya fi haka ba ya iya ƙirga shi. Sai an samo mai ƙwaya 16, takwas gaba takwas baya, wadda aka rubuta wa 2Rx8. Suna ɗaya, girma ɗaya, wuta ɗaya, amma bai yarda ba. Ni dai ban taɓa ganin abin da aka sayo a gwanjo yana da zaɓe irin wannan ba.

Injiniya, da ya zo gaishe mu, ya ce ai dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Mai ƙwaya 16 tana cikin kwamfutar Malam ta kansa. Muka yi ciniki irin na wanda ya san ba ni da wata mafita, na haɗa masa da mai rigar ƙarfen kyauta. Aka sa ta kusa da tsohuwar. Ƙit, ƙara ɗaya tak, allo ya kawo haske. Na kusa rungumar janareta.

Na shiga in ga gig 6 da idona. Ga shi kuwa an rubuta 6, sai dai a gefensa an ƙara cewa uku da 'yan kai ne kaɗai ke amfani.

"Malam, an sace mini kusan rabi."

"Ba wanda ya sace. Windows ɗinka mai bit 32 ce, lissafinta ba ya wuce gig 4, a cikin huɗun ma sai an yanka wa hoto da sauran kayan bod rabonsu. Sai ka sauke mai bit 64 daga intanet."

Muka yi shiru, mu duka uku, muna kallon wayoyinmu da ba su da sanda ko ɗaya.

Washegari na sake rubuta wa direban Katsina takarda da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙarƙashi: a sa mini Windows 64 a filas. Bayan Magariba ya yi fakin a ƙofar shago, ya miƙo mini filas sabo dal a cikin kwalinsa, gig 64, ba a taɓa sa masa komai ba. Ya ce mai shagon ya so ya ba shi 32, shi ya tsaya kai da fata.