Fetur Na Tanki Ne, Mu'allim

Gaisuwa ga makanikan Makka, daga masu warsha a sina'iyya, wato unguwar masana'antu, har masu kwanciya ƙarƙashin mota a lungunan Misfala, Jarwal da Shara Mansur. Na san an riga an taɓe baki. Wani ma ya ajiye sifana ya ce, "Ga wani ɗan boko da bai taɓa kwance fulogi ba zai koya mana sana'a." Na ji. Amma a ba ni aron kunne kafin shayi ya huce, don maganar daron fetur ɗin nan da ke gefen ƙafarku ce ta kawo ni.

Ga Alhaji can ya gyara zama. "Yaro, shekara talatin ina wanke kabureta da fetur, ko gashin hannuna bai taɓa ƙonewa ba." Barka da arziki, Alhaji. Sai dai shekara talatin ɗin nan shaida ce cewa Allah ya rufa maka asiri, ba ta nuna fetur ya tuba ba. Abin da ke cin wuta tururin da ke tashi daga daron ne, kuma fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. To, ina ga Makka? A watan Yunin 2024, lokacin aikin Hajji, zafi ya kai digiri 51.8 a Harami. A irin wannan rana ka zuba lita biyu a daro, ka shiga sallamar mai mota, ka dawo ka tarar ya ragu, sai ka hau yaron warsha da faɗa wai ya zubar. Bai zubar ba, Alhaji. Yana nan tare da ku a cikin iska, kuna shaƙa.

"Ai ni ba na shan taba," in ji Mu'allim na kusa da shi, har da ɗaga hanci. Madalla, huhunka ya gode. Amma tururin fetur bai damu da halinka na kirki ba. Ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya tafi. Ƙasa yake bi, ya ratsa ƙarƙashin benci, ya gangara cikin ramin da kake shiga in za ka juye baƙin mai, ya kwanta a can. Kaso biyu cikin ɗari na iskar wurin ya ishe shi. Abin da ya rage kawai tartsatsi, kuma warsharka cike take da masu ba da shi kyauta: injin gurza ƙarfe, mai walda na maƙwabta, kan batir da aka taɓa da waya don a ga ko yana da rai, da ɗan murhun gas ɗin da butar shayi ke kai tun safe.

Ku dubi abin da ake yi kullum. An kira azahar. Yaro ya tsoma kan injin a daro don ya jiƙa, ya yar da buroshi a ciki, aka ja ƙofar ƙarfe har ƙasa, aka sa kwaɗo, aka tafi masallaci. Daga nan aka biya aka ci shinkafa bukhari, aka ɗan kishingiɗa. Awa biyu ɗaki na rufe, rana na dukan kwanon rufi, daro na numfashi. Aka dawo aka ɗaga ƙofa, wari ya daki hanci, sai Mu'allim ya ce, "Kai, kunna fanka!" Makunnin fankar nan kuwa, da tsohuwar wayarsa da aka naɗe da salatif, shi ne ashanar da aka ce ba a da ita a shagon.

Na ji mai cewa fetur ya fi araha. Nan kam ka taɓo tarihi. Kafin ƙarshen 2015 litar fetur mai lamba 91 halala 45 ce a ƙasar nan, ruwan gora ya fi ta tsada. Wanda ya koyi aiki a wancan zamanin ya tashi yana wanke komai da shi, har hannu da tabon riga. Daga baya litar ta kai riyal 2.18, amma hannu bai manta ba. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, ni dai ban kira sunan kowa ba. Ka lissafa mini kuɗin robar sabulun cire maiƙo, sannan ka lissafa kuɗin motar mutane guda uku da ke kwana a shagonka, da abin da za ka faɗa wa kafili da 'yan Difa'ul Madani masu kashe gobara in suka tambaye ka me daron fetur ke yi kusa da murhu. In har yanzu fetur ne mai araha, a ba ka kujerar malamin lissafi.

Sai kuma jarumi, mai nuna mini tafin hannu kamar bayan kada. "Fata ta saba." Ba ta saba ba, ta gaji ne. Fetur yana kwashe maiƙon fata kamar yadda yake kwashe na ƙarfe, shi ya sa take bushewa, ta yi fari, ta tsattsage. Saudiyya ta daina zuba dalma a fetur tun 2001, wannan gaskiya ne, amma akwai wani sinadari a cikinsa da masana ke kira benzin, wanda hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar jini. Yana shiga ta numfashi, yana shiga ta fata. Ciwon kan da kake ɗora wa rana da hajijiyar da kake ɗora wa yunwa, ka tambayi daron. Kuma da wannan hannun ake yagar tamis a dangwali ful da safe, ana cewa Bismillah.

"To malam mai wa'azi, da ruwan Zamzam za mu wanke?" A'a, a bar wa alhazai. Fara da kankare dattin da ƙarfe ko katako, ka goge da tsumma, rabin aikin ya tafi tun ba ka buɗe jarka ba. Sannan ruwan zafi da sabulun cire maiƙo, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan gyara. Ka ɗauraye, ka busar da iskar kwamfuresa, ka shafa ɗan mai nan take don tsatsa ba ta jira. Zafin garin nan da kuke kuka da shi ma zai taya ka busarwa. In maiƙon ya yi taurin kai, dizal ya fi fetur hankali nesa ba kusa ba, don sai ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya kama. Kananzir kuwa daga wajen digiri 38 yake farawa. A sanyin Jos wannan kwanciyar hankali ne, a Makka cikin watan Yuli kuwa ka riga ka wuce layin tun hantsi. Don haka ko wanne ka ɗauka, kaɗan za ka zuba, a mazubin ƙarfe mai murfi, a inda iska ke wucewa, da safar hannu ta roba mai jure mai.

Kada masu gwangwanin feshi su yi dariya, ban manta da ku ba. Wasu magungunan wanke birki suna ɗauke da sinadarin kulorin. Ka fesa a ƙarfe, ka ɗora masa wutar walda bai gama bushewa ba, ka haɗa fosjin, gubar da aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Robobin cikin birki kuma ba sa shiri da fetur, ko dizal, ko kananzir: kumbura suke yi, birki ya riƙe ko ya saki, kuma ba a shagonka zai nuna ba, sai a gangaren Hada in an taso daga Ɗa'ifa da iyali a mota. Man birki mai tsabta ake wanke su da shi. Soda kuma cin alminiyom take yi. Tsummokaran da suka sha mai a tara su a gwangwani mai murfi, dattin man a ba masu kwasar baƙin mai, kada a tuttula a magudana. In wuta ta tashi, kada ka watsa ruwa, fetur hawa kansa zai yi ya bi ka har ƙofa. Tukunyar kashe gobara mai hoda ake so, ba wadda ta mutu tun zamanin Sarki Fahad ba, sannan a kira 911 ko 998.

Na bar babbar hujjarku a ƙarshe don na san tana zuwa: "Komai muƙaddari ne." Babu musu. Amma a Afrilun 1997 gobara ta tashi a Mina daga tukunyar gas, ta ci rayukan alhazai sama da 340. Hukuma ta yi ta'aziyya, sannan ta canza tantunan zuwa waɗanda wuta ba ta ci, ta hana girki da gas a cikinsu, kuma ba wanda ya ce imaninta ya yi rauni. Kai ma da kake wannan magana, kwaɗo biyu ne a akwatin kayan aikinka, makullin na ɗaure a wuyanka. Sifana mai lamba goma ba ka bar wa ƙaddara ba, sai ranka?

Ran naka ma da sauƙi. Kai kana bakin ƙofa kan kujera, inda iska ke kaɗawa, kofi a hannu, kana ba da umarni. Wanda ya durƙusa a kan daron, fuskarsa cikin tururi, hannunsa tsundum har gwiwa, ɗan mutane ne da aka kawo maka amana ya koyi sana'a. In jarumtar gaske ce, Mu'allim, gobe ku yi musaya: shi ya riƙe kofin, kai ka riƙe buroshin. Na tabbata kafin la'asar za a aika sayen sabulu.