Yadda Ake Zaɓar Kayan Haɗa Kwamfutar Tebur a Ƙofar Kaura

Kwamfutar tebur da za ta ɗauki aikin rubuta manhaja da zane tana da sassa bakwai: furosesa, babban allon da komai ke hawa kansa, RAM, ma'ajiyar bayanai, katin zane, akwatin wuta, sai gidan da za a zuba su ciki. An yi wannan lissafi ne a ƙasashen da ba a sa soket ɗin bango a addu'a. A Ƙofar Kaura ta Katsina sassan sun haura bakwai, mafi tsadarsu ma a wajen gidan kwamfutar suke zama.

Na ɗaya, kasafi. Da fensir ake rubuta shi. Kowane sashi dala ce ta kawo shi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta bar wajen naira 460, ta haura 1,500 a farkon 2024. 'Yan kasuwa sun haddace darasin: in dala ta hau da hantsi, farashi ya hau kafin azahar, in ta sauko, sai a ce ai tsohon kaya ne, da tsada aka saro shi.

Na biyu, furosesa da babban allo. Tare ake zaɓarsu, domin kowane furosesa da irin mazauninsa. AMD tana da AM4, da kuma AM5 da ya fito a 2022, wanda ba ya karɓar RAM sai DDR5. Mazaunin LGA1700 na Intel yana ɗaukar zubi na 12 zuwa na 14, amma wasu allunansa DDR4 suke ci, wasu DDR5, kuma tsagar jikin RAM ɗin ba a wuri ɗaya take ba, saboda haka danna shi da ƙarfi tare da bisimilla ba ya sa ya shiga. Idan mai shago ya dafa kafaɗar mai saye ya ce, "Yallaɓai, wannan fa i7 ne," tambayar da ta dace ita ce: na wane zubi? Sunan i7 ya fara ne a 2008, lokacin Umaru Musa 'Yar'adua yana shugaban ƙasa, kuma wanda aka ƙera a wancan zamanin har yau i7 yake amsawa. Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, shi kuwa Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 yake farawa.

Na uku, RAM. Giga 16 ne ƙasan magana, 32 ga mai buɗe Android Studio da Photoshop a lokaci guda. Ko nawa aka sa, Chrome zai san yadda ya yi da shi. Ma'ajiya kuwa SSD, a wuce wurin.

Katin zane yana buƙatar mutum ya fara faɗa wa kansa gaskiya. Mai zana katin ɗaurin aure da fastar 'yan takara a CorelDraw ba ya buƙatar wani babban kati. Mai tace bidiyo da mai aiki da Blender suna buƙata. Akwai kuma rukuni na uku, masu cewa zane alhali wasan ƙwallo ne a ransu, su ne suka fi kashe kuɗi. Sai a kula da "ɗan Landan": bayan da Ethereum ta sauya tsari a Satumban 2022, masu haƙar kuɗin intanet sun zubar da katunan da suka shekara suna aiki dare da rana, kuma an goge su tas kafin su iso nan.

Na huɗu, ko na biyar, wuta. A takarda bolt 230 ne ke fitowa daga bango. A zahiri abin da ke fitowa ya danganta da ko maƙwabci mai walda ya tashi daga barci. Don haka akwatin wuta shi ne sashin da ba a yi masa rowa: a nemi mai tambarin 80 Plus, mai nauyi a hannu, domin mai arha in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja allo da katin zane sun raka shi. Gabansa a sa sitabilaiza. Tsakanin sitabilaiza da kwamfutar a sa UPS, wanda aikinsa ya yi ta kuka na 'yan mintoci, daidai lokacin da za a adana aiki a yi salati. Da yake ɗauke wutar ba na 'yan mintoci ba ne, sai inbata, kuma ba kowace ba, mai ba da tsaftatacciyar wuta, tunda akwatunan wutar zamani ba sa shiri da mai arha. Inbata tana son batir. Batir yana son sola, ko janareta, shi kuma janareta yana son fetur, wanda tun ranar 29 ga Mayun 2023 ya daina gaisawa da talaka. Kwamfuta mai katin zane tana iya jan wat 300 zuwa 400 in aiki ya yi nauyi, alhali cajar laftof ta yau da kullum 65 ce. A Afrilun 2024 an mai da kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit, bisa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana. Sauran rukunonin suna da nasu alƙawuran. Mutum ya kwana yana haɗa bidiyo, ya kai kashi casa'in da tara, ɗif! Wace irin rayuwa ce wannan? Wane laifi mai zane ya yi wa tiransifoma? Yaran unguwa su yi ihun an kawo, kafin kwamfutar ta gama tashi an sake ɗaukewa, kuma a ƙarshen wata takardar kuɗi ba ta taɓa yin latti ba.

Daga nan lamba ba ta da sauran amfani. Gidan kwamfuta mai gilashi da fitilu kala-kala yana da kyau a hoto, amma a watan Afrilu, da zafin Katsina ke kai maki 40, gaba mai raga da fanka biyu ko uku sun fi shi daraja. Ragar da ke shigo da iska kuwa ita ce ke shigo da hunturu: daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura tana kwanciya a kan fanka kamar garin tuwo a faifai. A sa matatar ƙura, a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a riƙa hure ta, a riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa. Kada a kai ta wurin mai faci, iskar famfonsa takan zo da danshi. Masu cire murfin gefe don ta sha iska su san cewa gizo-gizo da ƙadangare su ma suna neman muhalli.

Batun wurin saye gajere ne. Shagunan da ke kewayen shataletalen Ƙofar Kaura sun fi ƙarfi a waya, caja da laftof. In aka ambaci allon AM5, amsar ita ce, "Babu a ƙasa, amma za a kawo maka daga Kano." Ma'ana Farm Centre, in can ma babu sai Computer Village ta Ikeja a Legas. Kayan zai taho a but ɗin mota tsakanin buhu da jarka, direba kuma zai kira ya ce a zo tasha yanzu-yanzu ko ya wuce da shi. Garanti yana nan, sai dai yana Legas.

Idan an haɗa ta tashi, dangi da maƙwabta za su fahimci cewa an buɗe shago: wannan a tura masa fim a waya, wancan a duba masa sakamakon JAMB, gwaggo tana son katin bikin 'yarta kafin Juma'a, ladan kuma Allah ya yi albarka.

Saura sikirin da madannai, waɗanda galibi kuɗi kan ƙare tun a batir kafin a iso gare su. Madannai ana samun na gwanjo. Sikirin kuwa, talabijin ɗin falo tana da ramin HDMI, sai dai a tsara aiki ya kauce wa lokacin shirin Daɗin Kowa.