Jirgin Shayi a Tsakar Gidanmu

Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne na dam ɗin Tiga, shi ma daga nesa-nesa, hannuna dafe da hula. Don haka da ƙanina ya dawo daga karatu a Ingila, ya dire mini wani dogon kwali ya ce, "Yaya, ga tsarabarka, jirgin ruwa ne," sai na zaci irin na yara ne da ake sa wa batir. Hoton da ke jikin kwalin abin kallo ne: baƙin jirgi siriri mai dogayen sanduna uku, fararen ƙyallayensa sun sha iska sun cika fam. Na buɗe. Babu jirgi. Damin siraran katakai na tarar, da fallayen filawud da aka zana wasu siffofi a kai, da ƙullin zare kala-kala, da ƙananan ƙusoshi waɗanda sai na sa tabarau nake ganinsu.

Na ce, "To, ina jirgin?"

Ya ce, "Ai kai za ka ƙera shi, Yaya. Ba kai ke kukan zaman banza ba tun da ka yi ritaya?"

An ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. A gidanmu tsohon ne ya taka.

Sunan jirgin Cutty Sark, kuma na gaskiyar yana nan a Greenwich, cikin Landan, inda ƙanin nawa ya je ya gan shi. An sa shi a ruwa a Dumbarton ta Sikotland ranar 22 ga Nuwamba, 1869, domin ya riƙa kwaso ganyen shayi daga ƙasar Sin a guje, tunda a wancan zamanin, wanda ya riga isa Landan da sabon ganye shi ke cin kasuwa. Sai dai kwana biyar kafin nan aka buɗe mashigin Suwez. Jirage masu injin tururi suka sami yanke, masu dogaro da iska kuwa aka bar su da zagaye Afirka. Wato jirgin ya iso kasuwa ana naɗe tabarmi. Daga baya ne ya yi suna wajen jigilar ulu daga Ostareliya. Ni dai da na ji yana da alaƙa da shayi sai na ji mun zama 'yan uwa.

Tsawon gangar jikinsa ya kusa mita 65. Nawa an rage shi sau 96, bai cika santimita 70 ba. Amma yadda ake haɗa shi, in ka cire girman, kusan hanyar maƙeran jirgi ce. Za ka fara kafa ƙashin baya, ka jera haƙarƙari a kansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ka bi da siraran falankai kana lulluɓe haƙarƙarin daga goshi zuwa wutsiya. Na ainihin haƙarƙarinsa ƙarfe ne aka lulluɓe da katako. Nawa filawud ne da gam.

Kafa haƙarƙarin bai ba ni wuya ba, abin da ya jawo mini girman kai ke nan. Na ajiye shi a falo inda duk mai shigowa zai gani. Maƙwabcina ya shigo gaisuwa, ya ƙura masa ido, ya matsa gefe da tabarmarsa, ya rage murya ya ce, "Alhaji, wane malamin ne ya ba ka wannan aikin?" Na yi masa bayani har da taswira. Ya ce Allah ya biya bukata, ya fita bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Daga falanki na farko katako ya nuna mini shi ma yana da ra'ayi. Jikin jirgi ba bango ba ne: a tsakiya yana da tumbi, a goshi ya tsuke, a wutsiya ya murɗe. Falanki kuwa miƙaƙƙe aka haife shi, kuma a haka yake son ya mutu. Na lanƙwasa na farko, ƙas! Na biyu, ƙas! Na kwashi gutsattsarin na nufi wurin kafintan unguwarmu. Ya juya su a tafin hannu, ya dube ni da tausayi ya ce, "Maigida, wannan ai tsinken tsire ne. Kawo kuɗin katako in fafe maka kwalekwale daga gungume guda, gobe ka zo ka ɗauka." Maganarsa tana kan hanya, amma ni lokacin na riga na zama maƙerin jirgi, ba na jin shawarar masu yin benci.

Ashe sai an jiƙa katakon a ruwan zafi ko an turara shi, zafi da laima su sassauta shi, a lanƙwasa tun da ɗuminsa, a ɗaure shi ya bushe a haka. Tukunyar da ta isa tsawon falankaina guda ɗaya ce a gidan, wadda ake dafa shinkafar suna. Na faki idon uwargida na ɗora ta a kan gas. Ana cikin tafasa ta shigo, ta buɗe murfi, ta leƙa, ta rufe.

"Baban Ummi, taliyar ce ta ƙi nuna?"

"Aiki nake yi."

"Da gas ɗina?"

Washegari aka nemi fegin shanya sama da ƙasa aka rasa, domin duk suna jikin jirgi suna riƙe da falankai kafin gam ya kama. Iska ta kwashe kallabi biyu ta kai gidan maƙwabta. Dutsen guga ma na gwada, yana lanƙwasa katako da kyau, sai dai farar shaddar da aka goge bayan na gama ta fito da zane mai ruwan ƙasa a gadon baya. Da ita na je ɗaurin aure. Ban sani ba sai da na dawo.

Akwai ƙa'idoji biyu da takardar bayanin haɗa jirgin ta faɗa a ƙananan haruffa, ni kuma na tsallake su don na ga suna ɓata lokaci. Ta farko, kowane falanki sai an fere shi ya sirance wajen goshi, domin adadin falankan da ya rufe tumbi shi ne zai matsu a wurin da bai kai rabin faɗin ba. Ban fere ba. Kafin in kai rabi falankaina sun cunkushe a goshi suna hawan juna, babu mai ba wani hanya. Ta biyu ta fi muni: in ka manna ɗaya a dama, ka manna ɗan uwansa a hagu, saboda jiƙaƙƙen katako in yana bushewa ja yake yi. Ni kuwa na ce a gama da dama tukuna, hankali kwance. Da na wayi gari na hango jirgin daga goshi, sai na ga ya karkace kamar ayaba. Da za a sa shi a teku a ce ya tafi Sin, da'ira zai yi ta yi a bakin gaɓa har shayin ya huce.

Na cike ramuka da garin katako da gam, na bi da sanfefa har yatsuna suka daina buɗe wayata. Wannan duk a watan Agusta ne, damina ta kankama, katako ya ƙoshi da laima, falankai sun haɗe bakinsu tsaf. Na shafa baƙin fenti, na jingina ɓarin da ya karkace da bango. Wallahi daga ƙofar falo, in fitila ba ta cika haske ba, ya yi kyau.

Sai hunturu ya shigo. Wanda ya tsara wannan kwali a Turai bai san iskar da ke fasa leɓe da diddige ba. Katako yana shan laima ya kumbura, ya rasa ta ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake tsukewa. Cikin dare sai in ji ƙas, ƙas daga falo. Uwargida ta ce ɓera ne. Da safe na ɗaga jirgin saitin taga, na hango bishiyar darbejiyar waje ta cikinsa. Ina cikin wannan jimami Ummi ta zo share ƙura, ta fizge katakon da ke juya akalar jirgin daga wutsiya. Nan kam na sami abin kare kai, domin na gaskiyar ma haka ta same shi: a 1872, yana tsere da wani jirgi mai suna Thermopylae daga Shangai, yana kan gaba, guguwa ta ɓalle masa wannan katako a tekun Indiya. Kafintan jirgin ya ƙera wani a tsakiyar ruwa, suka isa Landan mako guda bayan abokin tserensu. Na ba iyalina wannan tarihi a tsaye. Babu wanda ya ɗaga kai daga kwanon tuwo.

Autana ne ya yi tambayar da ta ƙarasa komai: "Baba, wai yana tafiya a ruwa?" Irin waɗannan jirage na ado ne, a akwatin gilashi ake ajiye su. Amma a gaban ɗan shekara shida, da abokansa biyar da ya riga ya gayyato, wane uba ne zai ce a'a? Aka cika babban bahon wanki. Na yi bisimilla na ɗora shi. Ya tsaya cak, yara suka sa sowa. Sai ya fara shan ruwa ta tsagogin hunturu, ya kwanta a ɓarin hagu a hankali. Farin gam ɗin kafinta ba ya shiri da ruwa. Kafin la'asar falankan suka shiga sakin jiki ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya taso saman baho yana miƙewa, yana komawa yadda Allah ya halicce shi.

Na shanya su a tsakar gida da niyyar sake farawa, na tafi masallaci. Da na dawo na tarar da kurfoti yana ci ɓal-ɓal, butar shayi a kai, wurin shanyar kuwa wayam. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ko a Greenwich gobara ta ci na ainihin a watan Mayun 2007, ana tsakiyar gyaransa, kuma masu bincike sun fi zargin wata na'urar zuƙe ƙura da aka bari a kunne. Su sun gyara nasu, sun sake buɗe shi a 2012.

Uwargida ta miƙo mini kofi tana fifita wuta da murfin tukunya.

"Baban Ummi, wannan icen naka akwai saurin kamawa, ko kananzir ban sa ba. In ƙaninka zai koma, ka ce ya taho mana da kwali biyu."