Yadda Ake Zama Alƙalin Zoɓo a Gagarawa

Da farko ka kashe ƙishirwarka da ruwa. Wanda ya shigo daga ranar watan Afrilu ya ɗaga gora ya shanye a tsaye ba shi da bakin yanke hukunci, domin ko ruwan randa aka miƙa masa zai ce ya yi daɗi. Nemi inuwar darbejiya, gyara zama, sannan ka ce a kawo.

Kada ka karɓa a leda. A zuba maka a tambulan, ka ɗaga shi sama kana ɗan runtse ido ɗaya, don 'yan majalisa su san aiki ake yi. Zoɓon kirki ja ne mai duhu, amma haske na ratsa shi. Idan ya yi jawur yana ƙyalli, kala aka zuba. Idan ya koma baƙi-baƙi, an cika kanwa, ita ce ke kashe tsami ta kuma juya launi.

Sai hanci. Citta ce ta kamata ta fara yi maka sallama, kanumfari na biye da ita. In filebon abarba ya riga su isowa, ka rage maki tun ba ka kai baki ba.

Yanzu kurɓa, kaɗan, ka bar shi ya zagaya baki. A nan ake gane gwani, domin tsami shi ne ran zoɓo. Ya tsinki gefen harshe, ya tara maka miyau, sukari ya zo ya lallashe shi ba tare da ya danne shi ba, yajin citta kuma ya tsaya a maƙogwaro bayan ka haɗiye. Wanda zaƙi ya rufe ruf ruwan alewa ne. Wanda ya bar ɗaci a bayan harshe sakarin ne, kada kowa ya ce maka sukari. Ka kuma jira ƙanƙara ta ɗan saki kafin ka yi magana, sanyi na rufa wa mugun haɗi asiri.

Ina ɗaukar wannan alƙalanci da muhimmanci saboda zoɓon namu ne. A rairayin Gagarawa, Gumel, Sule Tankarkar da Maigatari ake shuka yakuwa tsakanin gero da riɗi, mata su ɓare zoɓonta bayan ɗaukewar ruwa. Ranar Alhamis ka je kasuwar Maigatari ka ga buhuna. Daga nan sai Kano a tsince a gyara, sai Legas, sai jirgin ruwa har Meziko, inda ake shan sa da sanyi kamar yadda muke sha. A Masar da Sudan karkade ne, a Senegal bisaf. Bai dace a ce wanda ya noma shi ne ba ya iya bambance na gari da na algus ba.

Wajen faɗin hukunci a yi ladabi. In ya yi, ka ce wa mai zoɓon, “Inna, Allah ya yi wa hannun nan albarka,” ka ƙaro gora ta biyu. In bai yi ba, ka rage murya: “Inna, gobe a ɗan ƙara citta, a rage filebo.” Kuma ɗan'uwa, alƙalanci ba ya ɗauke maka biyan kuɗi. Ka biya kafin ka tashi.