Zanzibar ta Bebeji

Ƙanina ne ya jawo mana. Muna zaune a teburin mai shayi a Kwanar Ɗangora bayan isha'i, ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, dubi yadda ake cin duniya da tsinke." Wani Bature ne da matarsa a cikin farin jirgin ruwa, ba ƙarar inji, sai ƙaton ƙyalle ɗaure a jikin doguwar sanda. Wai wata uku ke nan suna gararamba tsakanin tsibiran Karebiyan.

Kawu ya tsame burodinsa daga kofi, ya leƙo. "Ina za su?"

"Ba inda za su, Kawu. Shaƙatawa ce."

"Rasuwa aka yi a tsibirin?"

"A'a."

"Ɗaurin aure?"

"A'a."

"To wa ke tuƙa su?"

"Iska."

Kawu ya gyaɗa kai. "Ai na faɗa. Allah ya ba su lafiya."

Kada a ce Kawu bai waye ba. Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne. Kakanninmu sun taka har Gwanja da jakuna saboda goro, wasu sun ratsa Sudan a ƙasa, shekara da shekaru, don su sauke farali. Amma kowace tafiya da sunanta: fatauci, cirani, neman karatu, ta'aziyya, biko. Wadda ba ta da suna, maganin ruƙiyya ake nema wa mai yin ta. Waya ce ta zo ta ƙaro mana wata sabuwa, tafiyar ɗaukar hoto, kuma ita ce ta kai mu Tiga ranar yawon salla.

Mu ma fa muna da tekunmu. Tun 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama datse Kogin Kano a Tiga, kuma ruwan nan ne ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa. Shekara hamsin muna cin kifinsa, ba wanda ya taɓa tunanin a je a zauna a kansa haka kawai.

Mu biyar muka je, har da Kawu, wanda ya ce rakiya kawai zai yi don kada mu halaka ba babba a wurin. Shiri kuwa mun yi shi: shadda mai maiƙo, hula zanna, baƙin gilashi, turare kamar za mu gaisuwar surukai. Ƙanina ya saci zanin gadon Inna, mai hoton ɗawisu, ya haɗo da gorar kakkaɓo mangwaro. A cikinmu babu wanda ya iya iyo ko a kududdufi.

Dattijon mai kwale-kwale ya dube mu sama da ƙasa. "Ƙetare za ku?"

"A'a, Baba, zagayawa kawai za ka yi da mu."

"Wani abu ne ya faɗa muku a ruwan?"

Da ya gane ba abin da muke nema, sai ya ninka kuɗin. Ya ce kuɗin fito ya sani, amma na marasa aikin yi yau zai fara yankawa.

Rigar kariya biyu gare shi. A bakin gaɓa kowa ya ƙi sawa. Wannan ya ce ajali ba ya wuce ranarsa, wancan ya ce za ta ɓata masa guga, gaskiyar magana kuwa ba ta kyau a hoto. Muna yin nisa ƙanina ya miƙe ya kafa gorarsa, ya buɗe zanin Inna. Iskar da ta yi shiru tun safe sai ta tuna da mu. Ɗawisu ya naɗe fuskar abokinmu ɗan kasuwar waya, kwale-kwale ya karkata, hula ɗaya ta tafi Kadawa noman rani. Mutum uku suka damƙi riga guda, har da mai wa'azin ajali, wanda a lokacin yake jero addu'o'in da ban san ya haddace ba. Baba ko gezau. Ya ce, "Yaro, zauna. Ruwa ba sa'an kwando ba ne."

Tsibirin namu wani fallen dutse ne da ruwa ya zagaye, fari fat da kashin tsuntsaye, zalɓe guda na tsaye a kai yana mana kallon baƙin da ba su yi sallama ba. Minti bakwai muka yi. Hoton da aka ɗauka ya fi ɗari. Ƙanina ya zaɓi wanda bayan Baba bai fito ba, ya ɗora a WhatsApp, ya rubuta: "Zanzibar. Alhamdulillah."

Zanzibar ta gaske tana Tanzaniya, cikin Tekun Indiya, kuma jiragenta masu ƙyalle sun daɗe suna bin iskar damina da ta rani zuwa Oman da Indiya. Da na gaya wa Kawu kanumfari suke ɗauka su sayar, sai ya ce yawwa, waɗannan su ne masu hankali.

Kafin mu iso gida Kiru labari ya riga mu. Gwaggo ta aiko a tambayi ƙanina yadda zai bar ƙasa ba sallama, kuma tana jiran tsarabarta, ko da abaya ce. Telan da ke bin sa cikon kuɗin ɗinkin salla yana zaune a dakalin ƙofar gida, ya ce wanda ya hau jirgi ba zai rasa dubu huɗu ba.

Kawu dai ko hoto ɗaya bai shiga ba. Ashe muna can muna gyara gilashi, shi yana ciniki da Baba. Ya dawo da kwando biyu, karfasa da tarwaɗa, da lambar wayar masunta uku. Yanzu duk sati yana Tiga, in ka tambaye shi sai ya ce shaƙatawa za shi.

Inna kuma har yau cigiyar zaninta take. Mun ce mata iska ce ta ɗauke, ta sa an yi wa ɗakin hayaƙi.