Besbol Bai Taɓa Korar Kowa Ba

An daɗe ana yi wa wasan besbol wani ƙazafi a Amurka, wai jan jikinsa ne ke korar 'yan kallon jefi-jefi, ya bar 'yan gani-kashe-ni su kaɗai a fili. Ya kamata a wanke wasan daga wannan zargi. A duk tarihin da aka rubuta, ba a taɓa jin ranar da besbol ya kama hannun wani ya fitar da shi waje ba. Mutane ne ke tashi da ƙafafunsu, yawanci don suna da aiki gobe da safe, ko don yaron da suka zo da shi ya yi barci, ya farka, ya sake yin wani barcin.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Ƙungiyoyi biyu ne, kowacce da mutum tara. Tara na farko su bazu a fili, kowa da babbar safar fata a hannu ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, wato mai jifa, ya tsaya kan wani ɗan tudu a tsakiya. Daga ɗaya ƙungiyar kuma mutum guda ya fito da kulki ya tsaya gabansa, sauran su zauna a rumfa suna cin 'ya'yan furen rana suna tofar da ɓawon. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai kulki ya yi ƙoƙarin dukanta. In ya dace, sai ya ruga ya bi zango uku da ke kewaye da filin ya dawo inda ya tashi, a rubuta wa ƙungiyarsa ci ɗaya. In an fitar da mutum uku, sai a yi musanya, masu zama su tashi, masu tsayuwa su zauna. Haka za a yi har zagaye tara.

Abin lura shi ne babu agogo a cikin lissafin nan. Ƙwallon ƙafa minti 90 ne, ko an ci ko ba a ci ba alƙali zai hura usur kowa ya kama gabansa. Besbol kuwa ba ya ƙarewa sai an fitar da adadin mutanen da doka ta ce, kuma a babbar gasa ba a tashi canjaras. In zagaye tara ya cika ba wanda ke gaba, sai a shiga na goma, sannan na sha ɗaya. A bisa tsarinsa na asali, babu wani abin da ya hana wasan da aka fara yau ya kai ranar tashin ƙiyama, in dai masu jifa ba su ƙare ba.

Masu ƙazafi suna yawan kafa hujja da wani aiki da jaridar Wall Street Journal ta yi a 2013. An sa agogo an auna wasanni, aka gano cewa a cikin kimanin awa uku da ake kwashewa, lokacin da ƙwallo ke motsi ana guje-guje bai wuce minti 18 ba. Sai suka ce ka gani, sauran lokacin duk banza ne. Wannan rashin adalci ne ga 'yan wasa, domin a sauran awa biyu da minti arba'in ɗin nan aiki suke yi tuƙuru, sai dai aikin ba ya buƙatar ƙwallo.

Dubi mai kulki a zamanin da ba a takura masa ba. An jefo ƙwallo ɗaya, bai doka ba. Sai ya ja da baya ya fita daga ɗan layin da aka zana masa. Ya ɓalle maɗaurin safar hannun hagu, ya mayar. Ya ɓalle na dama, ya mayar. Ya gyara hular kwano, wadda ba ta motsa ba tun da ya sa ta. Ya ƙwanƙwasa takalminsa da kulki don ƙasar da ta maƙale ta zube, ya yi kaki ya tofar, ya juya ya dubi mai horarwa da ke tsaye a zango na uku. Shi kuma wannan ya taɓa hanci, ya taɓa kunne, ya shafa ƙirji, ya ja bakin hula, wanda sau da yawa ma'anarsa ita ce ka ci gaba da abin da kake yi. Sai mai kulki ya dawo, ya tona ɗan rami da ƙafar baya, ya ɗaga hannu yana roƙon alƙali ya ɗan saurara masa. An yi wani ɗan wasa, Mike Hargrove, wanda ya ƙware a wannan hidima a shekarun 1970 da 1980 har aka yi masa laƙabi da ke nufin shi kaɗai yana tsayar da wasa yadda ruwan sama ke tsayarwa. Daga baya aka ba shi horar da ƙungiyar Cleveland, don matasa su amfana.

Shi ma mai jifa a wancan zamanin ba zaune yake ba. Abokinsa mai cafe ƙwallo yana tsugune bayan mai kulki, yana nuna masa da yatsu irin jifan da ya kamata. Daga nan sai a shiga ciniki irin na rago a jajibirin Babbar Sallah, wannan ya taya, wancan ya girgiza kai alamar albarka, a sake tayawa, a sake cewa albarka. In an daidaita, mai jifa ya tsaya cak, ya ja dogon numfashi, jama'a su yi tsit. Sai ya juya ya jefa ƙwallon zango na farko, don ya tsorata wani da ya ɗan matsa daga wurinsa. A dawo masa da ƙwallo. Mai kulki, ganin an samu sarari, ya ja da baya ya ɓalle maɗaurin safar hannun hagu.

Duk wannan yana faruwa ne alhali can a ƙarshen fili akwai mutum uku da ke tsaye su kaɗai cikin ciyawa. Yana yiwuwa ɗayansu ya kai ƙarshen wasa ƙwallo ba ta ko nufo inda yake ba. Ana biyansa miliyoyin daloli, kuma gobe zai dawo, domin kowace ƙungiya daga cikin 30 na babbar gasar MLB tana buga wasa 162 a kaka guda.

Masu shirya wasan sun san jikin ɗan Adam yana da haƙƙi. Shi ya sa a tsakiyar zagaye na bakwai ake ba 'yan kallo dama su miƙe tsaye su yi miƙa, su motsa gaɓoɓi, su rera wata tsohuwar waƙa ta 1908 mai yabon zuwa kallon besbol. Jack Norworth, wanda ya rubuta waƙar, bai taɓa zuwa kallon wasan ba a lokacin da ya rubuta ta, kuma ana jin hakan a cikin fara'arta.

Babbar shaidar da ke wanke besbol ta faru ne a garin Pawtucket na jihar Rhode Island, daren Asabar 18 ga Afrilu, 1981. Ƙungiyar garin ta karɓi baƙuncin ta Rochester a gasar da ke ƙasa da babbar, gaban mutum sama da 1,700, cikin sanyi da iska. Zagaye tara ya cika ana ɗaya da ɗaya. Aka ci gaba. A zagaye na 21 Rochester ta ci, kowa ya fara neman takalminsa, sai wani matashi mai suna Wade Boggs ya doki ƙwallon da ta farke wa Pawtucket, ya mayar da kowa mazauninsa. 'Yan wasa suka riƙa jefa karyayyun kulake cikin durom suna jin ɗumi. Sai da aka samu shugaban gasar a waya ya ba da umarni, sannan aka dakata da ƙarfe 4:07 na asuba, bayan zagaye 32, ana biyu da biyu. Aka ƙirga 'yan kallon da suka rage, aka samu 19.

Mai son zuciya zai tsaya kan mutum 1,700 da suka tafi gida. Mai adalci kuwa zai dubi 19 ɗin nan, waɗanda suka tabbatar da cewa abu ne mai yiwuwa. An dawo an ƙarasa wasan ranar 23 ga Yuni, kuma a wannan karon mutum sama da 5,000 ne suka cika filin. Zagaye ɗaya aka buga, Pawtucket ta ci, aka tashi cikin minti 18. Wasu sun so su ɗauki darasi daga yadda jama'a suka ninka har sau uku ranar da aka ba su minti 18 ɗin zalla ba tare da sauran ba. Bai kamata a yi gaggawar yanke hukunci ba, don a watan Yuni an fi ɗumi.

Tsawon wasa dai ba daga sama ya faɗo ba. A 1919 ƙungiyar Giants ta New York da Phillies ta Filadelfiya sun gama zagaye tara cikin minti 51, abin da ke nuna mutanen da ba su san darajar safar hannu ba. Da talabijin ta shigo sai aka buɗe sarari tsakanin zagaye da zagaye don talla. Masu horarwa kuma suka gano cewa ana iya canza mai jifa sau da yawa a wasa guda, kowane sabon shiga sai ya tako daga can ƙarshen fili, sannan ya yi jifan gwaji. A 2021 matsakaicin wasa mai zagaye tara ya kai awa 3 da minti 10. Kafin nan, a wasa na uku na ƙarshen gasar 2018, Dodgers da Red Sox ta Boston sun kwashe awa 7 da minti 20 a Los Angeles, suka tashi lokacin da agogon Boston ke nuna uku da rabi na dare. Wasan nan shi kaɗai ya fi dukkan wasanni huɗu na ƙarshen gasar 1939 tsawo in an haɗa su.

Duk da haka hukumar MLB, ƙarƙashin Rob Manfred, ta biye wa masu ƙorafi. Aka fara da ƙananan abubuwa, aka taƙaita yawan zuwa tudun mai jifa don yin shawara, aka ce duk mai jifan da ya shigo sai ya fuskanci aƙalla mutum uku kafin a canza shi. A 2023 aka yi mai gaba ɗaya, aka kafa agogo a fili. Mai jifa yana da daƙiƙa 15 ya saki ƙwallo in ba kowa a zango, 20 in akwai, wadda aka rage zuwa 18 a 2024. Mai kulki kuma dole ya kasance a shirye, idonsa kan mai jifa, kafin agogo ya sauko daƙiƙa 8. Wanda ya makara, a rubuta masa kuskure ɗaya ba tare da an jefa komai ba.

Tun a wasannin share fage aka ga illar hakan. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, Braves da Red Sox suna shida da shida a zagaye na tara, zango uku duk cike da mutane, jifa ɗaya ya rage a san matsaya. Cal Conley na Braves yana riƙe da kulki. Alƙali ya ɗaga hannu, Conley ya ɗauka mai jifa ne ya yi laifi, ya kama hanyar zango na farko abinsa. Ashe shi ne bai ɗago ido a kan lokaci ba. Aka fitar da shi, wasa ya tashi, ƙwallon tana hannun mai jifa ba ta je ko'ina ba. Wato agogon da aka kawo don a ƙara ganin motsi, ɗaya daga cikin ayyukansa na farko shi ne ya soke jifa mafi muhimmanci a wasan.

Matsakaicin wasa ya faɗo zuwa kusan awa 2 da minti 40 a 2023, sannan awa 2 da minti 36 a 2024. Waɗanda suka fara jin jiki su ne masu sayar da giya a filaye. Al'adar ita ce a rufe sayarwa bayan zagaye na bakwai, don mashaya su wartsake kafin su kama tuƙi. Da zagaye na bakwai ya fara zuwa da wuri, sai wasu ƙungiyoyi, irin su na Milwaukee da Arizona da Texas, suka matsar da rufewar zuwa na takwas. Ta haka aka rage tsawon wasa, aka rage lokacin wartsakewa, aka bar lokacin sha yadda yake.

Saura batun yawan jama'a, wanda masu ƙazafi ke taƙama da shi. A 2022 an sayar da tikiti kimanin miliyan 64 da rabi. A 2023, shekarar agogo, adadin ya haura miliyan 70, karon farko tun 2017. Suka ce ai magana ta ƙare, jan jiki ne ke korar mutane, an rage shi sun dawo. Ni ban gamsu ba. Shekara ɗari da ɗoriya ana wasan nan ba a ga agogo yana ba da umarni a fili ba, don haka ba abin mamaki ba ne mutum miliyan shida su sayi tikiti su zo su gan shi da idonsu. Cewa sun sake dawowa a 2024 yana nuna agogon mai kyau ne.

Abin da ke kwantar da hankali shi ne agogon bai shiga ofishin biyan albashi ba, can ɗabi'ar wasan tana nan daram. Shohei Ohtani, ɗan Japan da ke jifa kuma yake duka, ya sa hannu da Dodgers a Disambar 2023 kan dala miliyan 700 na shekara goma. Miliyan biyu kawai yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043. Bobby Bonilla kuwa ya ajiye kulki tun 2001, amma ƙungiyar Mets tana tura masa kimanin dala miliyan 1.19 kowace ranar 1 ga Yuli tun daga 2011, kuma za ta ci gaba har 2035, lokacin yana da shekara 72.

Mai karatu da ke Kano ko Damagaram, in kana son ka gane wa idonka, wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a New York ƙarfe sha biyun dare ne a wurinka. A da sai uku ta gota kafin ka san wanda ya ci. Yanzu, in ba a shiga zagaye na goma ba, za ka kwanta kafin uku.