Ni da Furen Ƙirji

An yi anko ne don a saje: atamfa ɗaya daga Kantin Kwari, mai hali da marar hali duk shiga ɗaya. Ni kuwa sajewar nan ce ba na iya jurewa. Shi ya sa duk bikin da za ni, sai na ɗauko fil na maƙala fure a ƙirji, gefen hagu, yadda ko daga bakin ƙofa za a hango shi.

Ba al'adarmu ba ce, na sani. Tamu ita ce lalle da humra da ɗaurin kallabi mai kyau. A Ingila da Amurka aka saba da shi, kuma can ma ba kowa ake ba wa ba: uwar amarya, uwar ango, sai kakanni, wasu a ƙirji, wasu a wuyan hannu, don baƙi su gane masu biki. To, nan ne gizo ke saƙa. Ni sau da yawa maƙwabciyar ƙawar gwaggon amarya ce, amma zuciyata tana so a ɗauka ni na haife ta.

Ana kuwa ɗauka. Maroƙa ni suke fara tarewa, su yi ta zuba kirari har kuɗin motata ya tafi a liƙi. Mata su raɓo su ce, "Hajiya, teburinmu fa abinci bai iso ba." Maimakon in ce ban san inda tukunya take ba, sai in gyara mayafi in ce, "Ku yi haƙuri, yanzu za a kawo." Allah Ya yafe mini, ban san adadin bayin Allah da suka koma gida da yunwa suna zagin uwar amarya saboda ni ba.

Da fari ɗanyen fure nake saye, irin wanda ake kawowa daga Jos, wani ma a jirgi daga gonakin Naibasha na Kenya. Furen da ya tashi a sanyi, a zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, kafin a gama kamu ya yi laushi kamar alayyahon da ya kwana. Sai na koma na roba daga kasuwar Sabon Gari, in fesa masa turare. Mayafan da fil ya ɓarke mini kuwa, a bar maganar.

'Yata kan ce, "Umma, don Allah yau ki bar shi a gida." In ce to, sannan in jefa shi a jaka, in maƙala a mota.

Don haka jama'a, idan kuka ga mace da jan fure a ƙirji tana amsa gaisuwa a wurin biki, ku gaishe ta da kyau, tana jin daɗi. Ƙorafin abinci dai ku kai wa waccan da ke ta zirga-zirga da silifas, gumi ya wanke mata hoda. Ita ce uwar amarya.